Samamen Markaz da Haƙƙin Kamamme: Nasiha Daga Khaddamari

Duk wanda ya san Khaddamari, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jere, wadda ke zaune arewa maso gabas da Maiduguri, a bakin fadamar nan da ruwan kogin Ngadda ke malala cikinta ya shayar da gonakin shinkafa, ya san cewa mutanen wannan yanki, Shuwa da Barebari da Hausawa 'yan ci-rani, ba a yi shawara da su ba ranar da hukuma ta ɗaura niyyar rushe Markaz Ibn Taimiyya, cibiyar jama'ar Muhammad Yusuf a Maiduguri, a ƙarshen watan Yuli na 2009. Amma da za a bi diddigin aƙibar wannan al'amari, a duba waɗanda suka fi kowa ɗaukar nauyinta, da wuya a sami wanda ya riga su. A ranar 28 ga Nuwamba 2020, shekara goma sha ɗaya bayan an yi shelar cewa an gama da jama'ar Muhammad Yusuf, mayaƙan wannan jama'a suka tarar da manoman Zabarmari suna yankan shinkafa a gonakin Koshebe, suka ɗaure su, suka yi musu yankan rago. Washegari Gwamna Babagana Umara Zulum ya tsaya cikin sahu aka sallaci gawa 43, cikinsu har da leburorin da suka baro ƙasar Sakkwato neman abin sawa a bakin salati.

Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, samamen da hukuma ke kai wa jama'a mai ɗauke da makami ana auna nasararsa ne da halin da ƙasa ta wayi gari a ciki bayan shekara biyar ko goma, domin yawan gawawwakin da aka lissafa a yammacin ranar ba ya nuna wa kowa ko fitina ta mutu ko kuwa ta sake sheƙa ne kurum. Da wannan ma'auni, samamen Maiduguri, ko da yake ya cim ma gurinsa cikin kwana biyar, yana cikin kurakurai mafi tsada da hukumomin tsaro suka taɓa yi a tarihin Nijeriya, kuma wajibi ne a yi ta bitarsa muddin ana ci gaba da kai irinsa a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato.

Kafin in shiga bayani, adalci ya wajabta in faɗi abin da ba ya karɓar jayayya. Jama'ar Muhammad Yusuf su suka fara zare makami: su suka auka wa ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Bauchi ranar Lahadi 26 ga Yuli, su suka kai hari hedikwatar 'yan sanda da gidan kurkuku a Maiduguri, suka ƙona coci-coci, suka kashe malaman Kirista da 'yan sanda da talakawan da ba su ji ba ba su gani ba, wutar ta tsallaka har Potiskum da Wudil. Hukumar da ta ga haka ta naɗe hannu ta ci amanar da aka ɗora mata, kuma jami'an da suka rasa rayukansu a waɗannan kwanaki suna da haƙƙin addu'a da girmamawa a wuyanmu. Saboda haka mas'alar da ke gabanmu ita ce yadda aka yi amfani da ƙarfi, da abin da aka yi gabaninsa, da abin da aka yi bayansa, amma halaccin murƙushe tawayen kansa babu mai hankalin da zai musa shi.

Kuskure na farko ya riga samamen da shekaru. Tun watan Disamba na 2003, lokacin da wasu matasa masu wannan aƙida suka yi sansani a Kanamma ta Jihar Yobe suka fara kai wa 'yan sanda hari, alama ta bayyana ga mai ido. Malamai ba su yi shiru ba: marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda ke gabatar da tafsirin azumi a Masallacin Indimi, ya yi raddi a fili a kan da'awar haramta karatun boko da aikin gwamnati, Malam Isa Ali Pantami kuma ya zauna ya yi muƙabala da Yusuf a 2006, kaset-kaset ɗin suka bazu a kasuwanni. An kama Yusuf fiye da sau ɗaya, an kai shi Abuja, an ba da belinsa, ya dawo mabiyansa suka tarye shi da jerin gwanon motoci, kowane kamu da saki yana ƙara masa kwarjini a idon yaransa, alhali ba a taɓa haɗa tuhuma mai ƙwari da za ta tsaya a gaban alƙali ba. Hukumar da ta bari jama'a ta tara dubban mabiya da makamai a bayan tashar jirgin ƙasa, cikin birni, a gaban idonta, ta riga ta rage wa kanta zaɓi tun kafin ranar gumurzu ta zo.

Kuskure na biyu ya auku ranar 11 ga Yuni 2009, kuma ƙanƙantar sanadinsa ita ce babbar ibrar da ke cikinsa. Jami'an rundunar haɗin gwiwa ta Operation Flush, wadda gwamnatin Ali Modu Sheriff ta kafa don yaƙi da 'yan fashi, suka tare mabiyan Yusuf suna rakiyar gawa zuwa maƙabartar Gwange, bisa dokar sanya hular kwano da ta fara aiki a farkon shekarar. Gardama ta kaure, aka buɗe wuta, aka jikkata mutum 17. Da an sami babban jami'i guda ya tafi asibiti ya duba su, da an kafa bincike an hukunta wanda ya yi harbi ba bisa ƙa'ida ba, da la'alla an ƙwace wa Yusuf babbar hujjar da yake nema. Ba a yi ko ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki ya fito da abin da ya kira buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gwamnati, ya yi barazanar ramuwa a bainar jama'a, aka yi makonni shida cur ana jin wannan barazana, har aka kama wasu mabiyansa da kayan haɗa bam a Biu, amma da ranar ta zo sai ta tarar da 'yan sanda cikin barikokinsu tamkar ba a taɓa yi musu gargaɗi ba.

Kuskure na uku yana cikin tsarin yaƙin kansa. Da lamarin ya fi ƙarfin 'yan sanda, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba soja umarni su murƙushe tawayen, sa'an nan ya tashi zuwa Brazil ranar 28 ga wata. Soja kuwa suka yi abin da aka horar da su a kai, suka jawo motoci masu sulke da manyan bindigogi suka yi ta luguden wuta a kan Markaz, wadda ke tsakiyar unguwa mai cike da mata da yara da mutanen da 'yan tawayen suka tsare da ƙarfi. Samame mai tadbiri yana da rukunai sanannu: a kewaye wurin ta yadda ba mai fita sai ta ƙofar da hukuma ta buɗe, a yi shela a ba masu son miƙa wuya dama, a fitar da raunana, a tantace wanda aka kama da shaidar dattawan unguwa. A Maiduguri an yi ruwan wuta, amma kewayen bai rufe ba, shi ya sa gawawwaki kusan 800 suka cika titunan birnin, aka tura su cikin manyan ramuka ba tare da an rubuta sunayensu ba, alhali Abubakar Shekau da wasu manyan ƙungiyar, waɗanda su ne ainihin abin nema, sun sulale. Hukuma ta ce an kashe Shekau. A 2010 ya bayyana a faifan bidiyo da bindiga a gefensa.

Kuskure na huɗu, wanda shi ne uban kurakuran, ya zo ne bayan an riga an ci nasara. Ranar Alhamis 30 ga Yuli soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa a gidan surukinsa, suka yi masa tambayoyi a gaban na'urar ɗaukar hoto yana amsawa, sa'an nan Kanar Ben Ahanotu, kwamandan rundunar, ya miƙa shi ga 'yan sanda, kamar yadda shi da kansa ya tabbatar daga baya. Cikin 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa a harabar hedikwatar 'yan sanda, harsashi ya yi mata kaca-kaca, aka ce wai ya yi yunƙurin gudu ne. A wannan yammaci hukuma ta salwantar da abin da ba ta sake samu ba har yau: mutum ɗaya da ya san waɗanda suka ba shi kuɗi, da hanyar da makamai suka shigo, da 'yan siyasar da suka yi hulɗa da shi, da sunayen wakilansa a kowace jiha. Ta kuma salwantar da zaman shari'a, inda za a karanta masa laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya a gaban iyalan waɗanda aka kashe, a ga gazawar hujjarsa a fili. A maimakon haka ta miƙa wa mabiyansa gawar da suka kira ta shahidi, suka yi shekaru suna ɗaukar sababbin yara da hotonta.

Abin bai tsaya a kansa ba. Alhaji Buji Foi, tsohon kwamishinan al'amuran addini na jihar, an kama shi da rai aka harbe shi. Baba Fugu Muhammad, surukin Yusuf, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, ya kai kansa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa da ya ji ana nemansa, bai fito da rai ba, har a 2010 Babbar Kotun Jihar Borno ta hukunta cewa an kashe shi ba bisa doka ba, ta yi umarni a biya iyalinsa diyyar naira miliyan 100. A watan Fabrairu na 2010 gidan talabijin na Aljazira ya nuna hoton jami'ai suna kwantar da mutane rubda ciki a bakin titi, har da masu dogara sanda, suna harbe su. Ina roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan darasin da wannan ya koya wa saurayin da ya tsira daga Markaz yana ɓoye, yana tunanin ko ya tuba ya koma gida: an nuna masa ƙarara cewa wanda ya miƙa wuya da wanda ya ɗauki bindiga makomarsu ɗaya ce. Duk rundunar da ta rufe ƙofar miƙa wuya ta wajabta wa kanta yaƙi da kowane abokin gaba har mutum na ƙarshe, kuma jinin jami'anta ne zai biya.

Misalin abin da aka yi shi ne na mutumin da wuta ta kama bunun ɗakinsa, ya ɗauki sanda ya yi ta dukansa, tartsatsi ya watsu ya sauka a kan rufin maƙwabta. A watan Satumba na 2010 mabiyan Yusuf da suka tsira suka fasa kurkukun Bauchi suka saki fursunoni fiye da 700. A ranar 16 ga Yuni 2011 bam ya tashi a hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja, a ranar 26 ga Agusta kuma a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2011 a ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya lissafa kisan Yusuf da mabiyansa ba tare da shari'a ba cikin dalilan da suka rura wutar. Da matasan Maiduguri suka tashi da gora a 2013 suka taimaki soja aka kori 'yan tawayen daga birni, sai suka koma daji, ƙauyukan Jere da Mafa da Konduga suka zama su ne a bakin wuta, manomi ya shiga tsaka mai wuya, in ya tona asirinsu su yanka shi, in ya yi shiru a zarge shi da haɗa baki. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a arewa maso gabas, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta, ban da mutum wajen miliyan biyu da suka rasa matsuguni.

Abin baƙin ciki shi ne Maiduguri ta riga ta ga irin wannan da idonta. A watan Disamba na 1980 soja suka ragargaza unguwar 'Yan Awaki a Kano, Muhammadu Marwa Maitatsine ya mutu, hukumar binciken Mai Shari'a Aniagolu ta lissafa mamata 4,177. Almajiransa da suka tsere suka sake kunno kai a Bulumkutu ta Maiduguri cikin Oktoba 1982, sa'an nan Jimeta a 1984, sa'an nan Gombe a 1985. Wato an sani tun kusan shekara talatin kafin Markaz cewa rushe gini da kashe shugaba ba ya kashe da'awa muddin ba a bi sawun waɗanda suka watse ba, ba a kuma warware shubuhar da ke zukatansu ba.

Kada wani ya zaci cewa kiyaye ran kamamme bidi'a ce da Turawa suka kawo mana. Fuƙaha'unmu sun keɓe babi guda a kan bugatu, wato masu fito-na-fito da shugaba bisa tawili, kuma ɗalibin da ya karanta Muhtasar na Shaihu Halil a zaure ya san cewa idan an amince daga sharrinsu ba a bin wanda ya juya baya, ba a ƙarasa mai rauni. Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, kafin ya yaƙi Hawarijawa sai da ya aika musu Abdullahi ɗan Abbas ya yi munazara da su, dubbai suka dawo, bai zare takobi a Naharawan ba sai bayan sun zubar da jinin bayin Allah; da Ibn Muljam ya sare shi kuma, yana kwance cikin jini ya yi wasiyya a ciyar da kamammen, a kyautata tsaronsa, kada a yi masa musla. A ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta musayar wasiƙu da Abdussalami na Kware, wanda ya yi masa tawaye, a 1817 kafin ya kai ga yaƙi, ya kuma tattara yadda aka yi cikin littafinsa Sardul Kalami domin na baya su yi hukunci. Ko da an ɗauki jama'ar Yusuf a matsayin muharibai, hukuncinsu na hannun alƙali ne bayan tabbatar laifi, ba a bar shi ga fushin mai gadin ƙofa ba. Tsarin Mulkin 1999 ma, a sashe na 33 da na 35, abin da ya tanada ke nan: rai abin kiyayewa ne, kamamme kuma kotu ake kai shi.

Sauran ƙasashe sun ɗanɗana ɓangarorin biyu. A garin Waco na Amurka, ranar 28 ga Fabrairu 1993, jami'ai suka kai samame kan jama'ar David Koresh duk da an sanar da shugabanninsu cewa asiri ya riga ya tonu, aka kashe jami'ai huɗu da mabiya shida. Aka yi ƙawanya ta kwana 51, ta ƙare da gobarar da ta ci mutum 76, cikinsu yara fiye da ashirin, bayan shekara biyu daidai kuma wani mai neman fansa ya tayar da bam a Oklahoma ya kashe 168. Amma gwamnatin ta wallafa rahoton bincike, ta ambaci kwamandojin da suka yi kuskure, ta sauya tsari, har a 1996 aka yi wa wata jama'a mai makamai ƙawanya ta kwana 81 a Montana aka gama ba a zubar da jini ba. A ƙasar Peru kuwa, wani ƙaramin rukunin 'yan sandan ciki ya yi haƙurin bin sawu har ya kama Abimael Guzman, shugaban 'yan tawayen da suka addabi ƙasar shekara goma sha biyu, a wani gida a Lima ranar 12 ga Satumba 1992, da ransa, tare da takardunsa. Aka yi masa shari'a, daga kurkuku ya yi kira ga mabiyansa su nemi sulhu, ƙungiyar ta karye, ya mutu a tsare a 2021.

Na san hujjar da jami'ai ke kawowa, kuma ban raina ta ba. Suna cewa sun gaji da kama mutum yau su gan shi a gari gobe, sun ga abokan aikinsu an yanka, kuma ba su da tabbacin alƙali ba zai ji tsoro ko ya karɓi toshiya ba. Wannan kuka gaskiya ne, amma maganinsa gyaran bincike ne da tsare shaidu da ba alƙalai kariya, domin kisan gilla yana ƙara raunana kotun da ake kuka da rauninta, yana kuma ɓoye manyan da suka ɗaure wa fitina gindi, waɗanda su ne suka fi kowa murna da mutuwar kamamme kafin ya buɗe baki. Ga kuma kuskure na biyar da ya rufe sauran: binciken kisan Yusuf da Shugaba 'Yar'aduwa ya yi umarni da shi bai taɓa fitowa ga jama'a ba, 'yan sanda biyar da aka gurfanar a Abuja a 2011 kan kisan Yusuf daga bisani kotu ta sallame su, har yau kuwa babu wanda aka tabbatar wa alhakin harbin da duniya ta gani da idonta. Inda ba a yi hisabi ba ana maimaita kuskure, kamar yadda aka gani a kashe-kashen Baga a 2013 da na kewayen barikin Giwa a watan Maris na 2014.

Saboda haka ina kira ga Sufeto Janar na 'yan sanda, da hafsoshin soja, da gwamnonin Arewa, su mai da waɗannan abubuwa ƙa'ida rubutacciya wadda ake hukunta mai saɓa mata: kada a kai samame sai da sahihin labari da aka tabbatar ta bakin masu unguwanni da lawanai da bulamai, a kewaye wuri a fitar da mata da yara kafin a buɗe wuta, a rubuta sunan duk wanda aka kama da wanda ya mutu, da sa hannun jami'in da ya karɓe shi, a kai kamamme gaban alƙali da ransa, komai munin laifinsa, a wallafa rahoton kowane samame da aka rasa rai a cikinsa. Ina kira ga 'yan majalisarmu su nemi a fito da rahoton binciken 2009, ga malamanmu kuma su karantar da babin bugatu a masallatan bariki kamar yadda suke karantar da shi a zaure. Ku kuma 'yan'uwana masu karatu, idan aka kawo muku labarin an kashe 'yan ta'adda ɗari, ku yi wa jami'anmu addu'a, sa'an nan ku tambaya nawa aka kama da rai, kuma a wace kotu za a gurfanar da su. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.